Yadda ake kafa zauren hira ga masu sauraren fodkas na wasannin bidiyo, da yadda ake riƙe shi

Mai sauraren shirin gem ba ya gama ji ya yi shiru. Ya ji kun ce masu tsaron baya a eFootball sun zama kamar ba sa fili, shi kuma yana da ja, kuma yana son ya faɗa yanzu, ba mako mai zuwa ba. Idan ba ku tanadar masa wurin faɗa ba, zai kai maganar wani guruf da ba ku ciki, a can za a yi musun, a can za a ƙulla abota, ku kuma ku ci gaba da magana da lasifika ba ku san wa ke ji ba. Buɗe zaure aikin minti goma ne. Abin da ke da wuya shi ne ya kai wata shida da ransa. Zaurukan da ke kaiwa suna da abu ɗaya da ya haɗa su: hirar cikinsu tana tafiya ne da fitowar shirin, mako bayan mako, shirin yana ba zaure abin magana, zaure yana ba shirin abin faɗa. Duk saitin da za a bayyana a ƙasa don wannan zagaye aka yi shi.

Wace manhaja za ku ɗauka

Zaɓi uku ne a zahiri: Discord, Telegram da WhatsApp. Kada ku buɗe duka ukun a rana ɗaya. Mutum arba'in idan aka raba su wuri uku, kowane wuri zai yi kama da kufai.

Discord ta fito ne a 2015, kuma tun asali don 'yan gem aka yi ta. Tana ba ku damar raba hira ɗaki-ɗaki, ga ɗakunan murya da mutum ke shiga ya fita ba tare da an kira shi ba, ga muƙamai da za a iya ba kowa izini daidai matsayinsa. Lambar wayar kowa a ɓoye take. Aibinta shi ne nauyi: a ƙaramar waya mai ƙarancin ma'aji tana jan ƙafa, sabon shiga yana rikicewa da yawan maɓallai, kuma wanda bai biya kuɗin Nitro ba, wato tsarin Discord na masu biyan kuɗi, fayil ɗin da zai iya turawa ƙarami ne ƙwarai, an mayar da shi 10MB a 2024. Ko bidiyon ƙwallo ɗaya mai kyau sai an matse shi kafin ya shiga.

Telegram ta fi sauƙi a hannu. Guruf ɗaya yana ɗaukar mutum har 200,000, ana tura fayil har 2GB, wato kuna iya ɗora shirin gaba ɗaya mutane su sauke su ji ba tare da sun fita ba. Tun ƙarshen 2022 akwai tsarin Topics da ke raba guruf zuwa sassa, kusan irin ɗakunan Discord. Mutum na iya ɓoye lambarsa, sabon shiga kuma yana iya karanta tsohuwar hira idan kun buɗe masa. Aibinta shi ne 'yan talla da 'yan damfara sun yi mata yawa.

WhatsApp kowa yana da ita, wannan ne ƙarfinta, kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Amma guruf yana tsayawa a mutum 1,024, hira duk a layi ɗaya take gudana, kuma 'yan guruf suna ganin lambar juna. Wannan na ƙarshen shi ne babbar matsala. Zauren da aka sanar da adireshinsa a shiri, kowa zai iya shigowa, kuma mace ko yaro ɗan sakandare da ya shigo don hirar Free Fire zai wayi gari da sallamar baƙi a akwatin saƙonsa.

Shawararmu a taƙaice: idan yawancin masu sauraronku a waya suke wasa, eFootball da Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, kuma kowa yana lissafin datarsa, ku ɗauki Telegram. Idan 'yan PlayStation da kwamfuta ne suka fi yawa, ko kuna son hirar murya yayin wasa ta zama ginshiƙin abin, ku ɗauki Discord. WhatsApp ku bar ta a matsayin allon sanarwa, ku buɗe tasha ko guruf da admin kaɗai ke rubutu, ku riƙa sa adireshin sabon shiri da na babban zauren. Kafin ku yanke, ku tambayi masu sauraro a shiri biyu a jere wace manhaja ce ke wayarsu yanzu, ba wadda suke ganin ta fi burgewa ba.

Ɗakuna: ku fara da kaɗan

Kuskuren da ya fi kashe sabon zaure shi ne yawan ɗakuna. Discord tana yarda a buɗe har 500, sai mai shiri ya zauna dare ɗaya ya buɗe ashirin, kowane gem da nasa, har da na girki da na waƙa. Gida ne mai ɗaki ashirin da mutum biyar a ciki: duk wanda ya leƙa ya tarar ba kowa, sai ya ɗauka an tashi.

Biyar sun isa a farko. Na dokoki da sanarwa, wanda masu shiri kaɗai ke rubutu. Na hira ta gaba ɗaya, inda ake gaisawa da raha da duk abin da ya zo baki. Na shirin mako, inda kowane kashi ke samun zarensa. Na neman abokin wasa. Sai ɗakin murya guda ɗaya. Bayan waɗannan ku ƙara ɓoyayyen ɗaki na masu kula, wanda sauran jama'a ba sa gani.

Sabon ɗaki ana buɗe shi ne idan wata magana ta fara danne sauran a babban ɗakin hira, ta yi mako biyu ko uku ana korafi a kanta. Idan 'yan eFootball sun cika wuri da hotunan tawagarsu har mai son maganar God of War ba ya samun inda zai sa baki, lokacin ba su ɗakinsu ya yi. Kafin nan, a'a.

Saitin Discord, mataki-mataki

Bayan kun ƙirƙiri saba, wato zaurenku a Discord, kun sa mata sunan shirin da tambarinsa, ku shiga Server Settings ku kunna Community. Za ta nemi ku ware ɗakin dokoki da ɗakin da Discord za ta riƙa aiko wa masu kula saƙo, ta kuma tilasta cewa sai mai tabbataccen imel ne zai yi rubutu. A madadin haka kuna samun ɗakin sanarwa, da ɗaki irin na dandali inda kowace magana ke da kanta, da dandamalin murya na Stage, da allon da sabon shiga zai amince da dokoki kafin ya buɗe baki.

Matakin tantancewa hawa-hawa ne. Na ƙasa yana neman imel kawai. Na tsakiya yana neman asusun ya wuce minti biyar da buɗewa. Na sama yana sa mutum ya jira minti goma bayan shigowa kafin ya yi rubutu. Na ƙoli yana neman lambar waya. Na tsakiya ya wadatar a ranakun lafiya. Ranar da kuka ga baƙin asusu suna kwararowa lokaci guda suna watsa shirme, ku ɗaga zuwa na ƙoli, ku dakatar da gayyata, in ƙura ta lafa ku mayar.

Daga nan sai muƙamai, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Muƙamin da kowa ke samu da shigowa shi ne @everyone. Ku buɗe shi ku kashe izinin kiran kowa da kowa, domin in kun bar shi, mutum ɗaya zai iya kaɗa wayar ɗaruruwan mutane da ƙarfe biyun dare. Ku ƙirƙiri muƙamin masu shiri da na masu kula. Masu kula ku ba su izinin goge saƙo, da dakatar da mutum na ɗan lokaci, da kora. Kada ku ba su Administrator. Wannan izini yana tsallake duk wani shinge da kuka kafa, mai shi zai iya goge ɗakuna gaba ɗaya, kuma idan aka sace asusunsa, ɓarawon ya gaji ikon. Ku lura da jerin muƙaman: kowane muƙami yana iko ne da na ƙasansa kawai. Shi ya sa bot ɗin (ƙaramar manhaja mai aiki da kanta a zaure) da kuka sa ya riƙa raba wa mutane muƙami yakan ƙi aiki, an bar shi a ƙasan muƙamin da ake so ya raba. A ja shi sama, magana ta ƙare.

Ku kunna sharaɗin cewa duk mai kula sai ya sa tabbaci mai hawa biyu a asusunsa kafin ya iya hukunta wani. Ku ma masu shiri ku sa.

AutoMod, wanda Discord ta kawo a 2022, yana tare saƙo tun kafin ya bayyana. Ku kunna mai tare yawan ambaton sunaye da mai tare saƙon da ya yi kama da talla. Jerin zagin da ya zo da shi na Turanci ne, don haka ashar na Hausa sai kun rubuta da hannunku. A nan a yi hattara da alamar tauraro, wadda ke nufin a kama kalmar ko da tana cikin wata. Idan kuka sa "uwa" tsakanin taurari biyu don ku tare masu zagin iyaye, kun tare ruwa da kasuwa da rayuwa da zuwa, zaure ya tsaya cak ba wanda ya san dalili. Ku rubuta zagin cikakke, da sigoginsa na rubutu daban-daban, mai ƙugiya da marar ƙugiya, tunda yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a waya. Mako na farko ku sa ya riƙa kai rahoto ɗakin masu kula kawai ba tare da ya tare ba, ku ga me yake kamawa.

Ɗakin murya yana zuwa da ingancin sauti na 64kbps. Lissafinsa kusan 29MB ne a awa ɗaya idan mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Ku sauke shi zuwa 32kbps, murya tana nan a fili, data kuma ta ragu da rabi, kuma mai raunin sabis zai rage yankewa. Abin da ke cinye data da gaske shi ne nuna allo da bidiyo, saboda haka ku ware wannan izini ga masu shiri da wanda aka ba dama. Ku koya wa mutane danna-ka-yi-magana, ko aƙalla su kunna mai rage hayaniya, in ba haka ba janareton mutum ɗaya zai hana goma ji.

Adireshin gayyata kala biyu za ku yi. Wanda za a sa a bayanin kowane kashi na shirin ya zama marar ƙarewar wa'adi, domin wani sai bayan shekara zai ji tsohon kashi ya danna. Wanda za ku watsa a Facebook ko X kuwa ku sa masa wa'adin kwana bakwai da iyakar mutum 50 ko 100, in ya faɗa hannun 'yan talla ya mutu da kansa.

Idan Telegram kuka ɗauka

Ku buɗe tasha don sanarwa da ɗora shirin, ku buɗe guruf don hira, ku kunna Topics ku yi sassa huɗu ko biyar irin na sama. A wurin izini ku kashe damar kowa ya manna saƙo a sama ko ya canza bayanin guruf. Adireshin gayyata ku sa masa sharaɗin sai admin ya amince, ko ku ɗora bot mai sa sabon shiga ya danna maɓalli don a tabbatar mutum ne, irin su Shieldy ko Rose. Guruf ya haura mutum 200, Telegram tana buɗe muku nata mai tsananta tace talla, ku kunna. Akwai kuma saitin jinkirta saƙo, daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa awa ɗaya. Ba na kullum ba ne. Na ranar da musu ya yi zafi ne, daƙiƙa 30 sun isa su sa mutum ya karanta amsar abokin musunsa kafin ya sake jefa tasa.

Fayil ɗin shirin da za ku ɗora a can ku fitar da shi MP3 mai layin sauti ɗaya a 64kbps. Awa ɗaya ba za ta kai 30MB ba, alhali a 128kbps ta kusa 58MB, kuma ga hirar baki kunne ba zai ji wani bambancin kirki ba.

Dokoki

Idan sun wuce abin da allon waya ɗaya zai ɗauka, ba mai karantawa. Shida ko bakwai, da Hausa mai sauƙi, kowace da abin da za a iya gani a hukunta. "A girmama juna" ba doka ba ce, domin kowa yana ganin shi ne mai girmamawar. "Ba zagin iyaye, ba gori da ƙabila ko gari ko aƙida" doka ce. Haka "ba a bin kowa akwatin saƙonsa sai da izininsa a fili", da "ba saye da sayar da asusun gem", da "ba hoton batsa ko na gawa", da "ba talla sai an tambayi masu kula".

Siyasa da muhawarar addini ku rufe ƙofarsu tun ranar farko, ku kuma faɗi dalili: akwai wuraren yinsu da yawa, wannan na gem ne. Musun PlayStation da Xbox, ko na eFootball da EA Sports FC, wanda har yanzu jama'a ke kira PES da FIFA ko da yake Konami ta canza suna a 2021, EA kuma a 2023, wannan ku bar shi ya gudana, shi ne gishirin zauren. Iyakarsa ita ce inda aka bar gem aka koma kan mutum: talaucinsa, wayarsa, Turancinsa.

Ku tuna cewa da yawa daga masu wasan waya yara ne. Ƙa'idar Discord shekara 13 ce mafi ƙaranci, a wasu ƙasashen ma ta fi haka. Wanda ya bayyana bai kai ba, a cire shi cikin mutunci. Babba da aka samu yana jan yaro hira ta sirri, ko yana masa alkawarin kyautar daimon, kuɗin cikin wasan Free Fire, don ya turo hoto, kora ce nan take ba gargaɗi, a kuma kai rahotonsa ga manhajar.

Tona labarin wasa

Ga 'yan ƙwallo wannan ba damuwa ba ce, amma wasanni masu labari irin The Last of Us ko Red Dead Redemption 2, wanda ya faɗa maka ƙarshensu ya cuce ka awanni masu yawa. A Discord, rubutun da aka sa tsakanin sanduna biyu-biyu, ||kamar haka||, yana rufuwa sai an danna. Hoto ma akwai wurin yi masa alama kafin a tura. A Telegram ana zaɓar rubutun a danna Spoiler. Doka ita ce a rubuta sunan wasan a waje, sannan a rufe sauran, domin baƙin layi marar suna kowa zai danna don ya ga na mene ne.

Wa'adin kuma ku auna shi da jama'arku. Zaurukan Turai da Amurka sukan saki baki bayan makonni kaɗan da fitowar wasa. Inda mutane ke jira farashi ya sauka, ko su sayi faifai na hannu, ko su buga a gidan gem awa ɗaya yau awa ɗaya jibi, wasan shekara uku sabo ne ga rabin zauren. Ya fi sauƙi ku ce duk wani juyin labari a rufe shi, komai tsufan wasan. Ku ma a cikin shirin ku riƙa gargaɗi, ku faɗi mintin da mai gudun tonon zai tsallaka zuwa.

Zagayen mako

A ce kuna naɗa ranar Alhamis, shiri ya fito Asabar. Ranar Litinin ku jefa tambayar mako, guda ɗaya, mai ƙuƙumi. "Me kuke so mu tattauna?" ba ta samun amsa. "Wane gem ne ka saya ko ka sauke ka yi da-na-sani, kuma me ya sa?" tana samun talatin. Ku rufe karɓa daren Laraba. A wurin naɗi ku karanta uku zuwa biyar, ku ambaci sunan da mutum ke amfani da shi a zaure, bayan kun sanar tun farko cewa wanda ba ya so a ambace shi ya faɗa. Wanda ya ji sunansa a shiri ya zama ɗan gida, kuma zai tura wa abokansa kashin ba tare da kun roƙe shi ba.

Saƙon murya ya fi rubutu armashi a shiri, amma ku kafa iyaka: daƙiƙa 45, a wuri marar hayaniya, a fara da suna da gari in mutum yana so. Ba iyaka, za ku sami minti shida wanda biyu na farko gaisuwa ce. Wajen haɗawa a manhajar gyaran sauti ta Audacity ko makamanciyarta ku daidaita ƙarfin muryarsu da taku, don kada mai sauraro da abin kunne ya zabura.

Ranar Asabar, da fitowar shiri, ku buɗe zare mai lambar kashin da kansa. Kada ku ajiye adireshi kawai ku tafi. Ku rubuta abu ɗaya da kuka yi saɓani a kansa a cikin shirin ku tambayi wa ke da gaskiya. Awa biyun farko ɗaya daga cikinku ya zauna yana amsawa, domin a nan ake gane ko zaren zai kama. Idan kuna da bot mai bibiyar RSS (hanyar da fodkas ke sanar da manhajoji fitowar sabon kashi), irin MonitoRSS, zai sanar da fitowar kashi da kansa, amma tambayar sai mutum.

Idan za ku naɗi hirar murya da jama'a a Discord, bot ɗin Craig yana ɗaukar muryar kowa a layinta daban, abin da ke ba ku damar yanke tarin wani ba tare da kun taɓa maganar wani ba. Ku sauke naɗin cikin kwana bakwai kafin ya goge. Kuma ku sanar da baki, a farkon zama, cewa ana naɗa.

Daren wasa da gasa

Dare ɗaya a mako, lokaci ɗaya, ba canji. Bayan Isha'i ya fi dacewa, ƙarfe tara agogon Najeriya da Nijar, wanda shi ne na Kamaru da Chadi. Na Ghana zai ga ƙarfe takwas, na Sudan ƙarfe goma, na Saudiyya sha ɗaya. Idan kun sa taron a tsarin Events na Discord, kowa zai gan shi da agogon ƙasarsa. Ku kauce wa Talata da Laraba a lokacin gasar Zakarun Turai, manyan wasanninta suna farawa ƙarfe takwas ko tara agogon Najeriya, ba wanda zai zo muku. Da azumi a mayar da shi bayan tarawihi.

A ɗakin neman abokin wasa ku manna tsarin rubutu a sama: sunan gem, na'ura, lokaci, mutum nawa ake nema. "Wa zai buga?" ba ta haɗa kowa. "Free Fire, Clash Squad, muna uku muna neman ɗaya, ƙarfe 9:30" tana haɗawa cikin minti biyar. Na'ura dole a faɗe ta, domin mai FC Mobile ba zai haɗu da mai FC na PlayStation ba, wasa biyu ne daban.

Gasa kuwa, lissafi za ku fara yi kafin sanarwa. Mutum 16 a tsarin sili-ɗaya-ƙwale wasa 15 ne, zagaye huɗu, ana gamawa a ƙarshen mako ɗaya. Mutum 16 ɗin nan idan kowa zai kara da kowa wasa 120 ne, ba za a taɓa gamawa ba. Tsaka-tsaki shi ne rukuni huɗu na mutum hurhuɗu, wasa shida a kowane rukuni, biyu su fito, jimilla wasa 31 har na ƙarshe. Idan mutum 12 suka yi rajista, huɗu su tsallake zagayen farko ta ƙuri'a, takwas su kara, a koma takwas cif. Shafin Challonge yana zana jadawalin kyauta.

Rigimar gasa kusan kullum a kan yankewar sabis take, saboda haka ku rubuta hukuncinta tun kafin a buga ƙwallon farko. Misali: in ya yanke kafin hutun rabin lokaci kuma ba ci, a sake daga farko; in da ci, a sake tare da riƙe cin, a buga sauran mintunan; wanda ya yanke sau biyu a wasa ɗaya ya faɗi. Wanda ya ci ya turo hoton allon sakamako cikin minti goma. Wanda bai bayyana ba bayan minti 15 an ba abokin karawarsa. Ku faɗi tsawon wasa, da wanda zai buɗe ɗaki, da ko an yarda da tawagar da mutum ya gina da kuɗi ko kuwa kowa zai ɗauki kulob na asali, domin wanda bai taɓa sayen koyin, kuɗin cikin gem, ba zai sake shiga ba in aka haɗa shi da mai tawagar zaratan da aka saya.

Kada ku karɓi kuɗin shiga ku tara a ba wanda ya ci. Jama'a da yawa za su kira shi caca, kuma daga ranar da kuɗin mutane ya shiga hannunku kowane hukunci ya zama abin zargi. Kyauta ta fito daga shirin ko daga mai ɗaukar nauyi: data, katin waya, ko muƙamin zakara mai launi na musamman har gasa ta gaba, wanda abin mamaki ya fi data sa mutane zage damtse.

'Yan damfara

Za su zo, tun zauren bai kai mutum ɗari ba. Salon nasu sananne ne. Akwai mai adireshin Nitro kyauta, ko UC, kuɗin cikin wasan PUBG, ko daimon na Free Fire, wanda ke kai mutum shafin bogi ya rubuta kalmar sirrinsa. Akwai mai turo hoton QR ya ce a duba don a tabbatar da asusu, alhali dubawar ita ce ke shigar da shi asusunka. Akwai mai cewa ya ƙirƙiri gem a taimaka a gwada masa, fayil ɗin kuma na satar bayanai ne. A WhatsApp akwai mai kira ya ce daga guruf ne, za a yi taro, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Wanda ya karanta ya rasa WhatsApp ɗinsa, sai a fara roƙon kuɗi da sunansa. Akwai kuma mai ɗaukar hotonku da sunanku ya bi mutane yana cewa sun ci kyauta su turo kuɗin aike.

Ku manna jimla ɗaya a sama ku kuma maimaita ta a shiri lokaci-lokaci: masu shiri da masu kula ba za su taɓa fara tura wa kowa saƙo suna neman kuɗi, lamba ko kalmar sirri ba. Ku nuna wa jama'a inda ake kashe saƙon sirri daga 'yan saba a Discord, da inda ake sa lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp da Telegram. Idan asusun ɗan gida ne ya fara watsa irin wannan adireshi, galibi sace shi aka yi. A goge saƙon, a cire asusun, in mai shi ya ƙwato abinsa a dawo da shi ba tare da tozarci ba.

Cinikin asusu da manhajar da aka yi wa kutse don ganin abokan gaba ta bango ko harbi ba kuskure, ku hana su gaba ɗaya. Kamfanonin wasannin suna rufe asusun da aka kama, kuma wanda aka cuta a ciniki ku zai zo wa da kuka, tunda a zaurenku ya haɗu da mai sayarwar.

Masu kula da hukunci

Mutum biyu ko uku sun isa har zaure ya kai ɗaruruwa. Kada ku zaɓi wanda ya fi kowa surutu, ko wanda ya roƙa. Ku duba wanda ke amsa wa sabon shiga tambayar da aka amsa sau goma ba tare da gatse ba. Ku haɗa mai kwanan wuri da mai raba dare, kuma in akwai mata a zauren, a sami mace cikin masu kula, domin akwai ƙorafin da ba za a kai wa namiji ba.

Hukunci ya hau tsani: goge saƙo da jan kunne a keɓe, sai dakatarwa ta awa ɗaya, sai ta kwana ɗaya, sai ta mako, sai kora. Jan kunne a bainar jama'a yana sa mutum ya kare girmansa maimakon ya gyara. Kowane hukunci a rubuta shi a ɗakin masu kula da hoton abin da ya jawo shi, don ranar da aka ce an yi son kai a sami abin nunawa. Dokar da ta hau kan baƙo ta hau kan abokin mai shiri, in ba haka ba kowa zai gani, kuma masu hankalin su ne za su fara zamewa shiru.

Mallakar zauren ta kasance a asusun da ku masu shiri kuka yarda da shi, ba na wani mai taimako da ya ce bari ya buɗe muku ba. Idan an riga an yi hakan, a miƙa mallaka tun ana shiri da juna. A Telegram miƙawar ba ta yiwuwa sai mai guruf ya kunna tabbaci mai hawa biyu aƙalla kwana bakwai kafin nan, don haka ba abin da za a bari sai ranar rabuwa ba ne.

Idan zaure ya yi sanyi

Zai yi, musamman lokacin jarrabawa, ko makon da kuka tsallake shiri. Kada ku kira kowa da kowa kuna tambayar ina mutane, kuma kada ku share waɗanda ba sa magana. Mafi yawan 'yan kowane zaure masu karatu ne kawai, kuma su ne ke sauke shirin. Ku duba ɗakunan da suka yi wata ba saƙo ku rufe su, hira ta koma wuri ɗaya. Kiran kowa da kowa ku ajiye shi don abu biyu, fitowar shiri da daren wasa. Sauran sanarwa a yi muƙamin da mai so zai ɗauka da kansa, ɗan eFootball a kira shi don eFootball kawai. Idan za ku yi hutun naɗi, ku faɗi ranar dawowa, ku bar tambayar Litinin da daren wasa suna gudana a hannun masu kula har ku dawo.